Yadda wayar kwastoma ta fice min ta taga, da abin da na koya kan kulle tagar silaidin

Yau ba maganar sikirin ko batir na zo da ita ba, maganar taga ce. Kafin ka ce me ya haɗa mai gyaran waya da taga, tsaya ka ji tukunna, don ni ma da haka nake gani, har ranar da taga ta cinye min kuɗin aikin kusan wata biyu a dare ɗaya.

Ina gyaran waya a Farm Centre da ke Kano. A cikin masu zuwa teburina suna cewa "Injiniya, duba min ko za a iya gano inda wayata take," akwai waɗanda aka yi wa ƙwace a hanya, akwai kuma masu cewa "wallahi a ɗaki na kwana da ita, ƙofa a kulle." Waɗannan na biyun, da can a raina nakan ce ai ɗan gida ne ya ɗauke. Allah ya yafe min, na sha zargin ƙannen mutane a zuciyata ba su ji ba ba su gani ba.

Watan Afrilu ne na 2024, bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki. Wanda yake Kano a lokacin ya san zafin da aka sha, da rana ya haura digiri 40, da dare kuma bango ya dinga amayo abin da ya haɗiya. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a gida ta kawo min wayarta, ba ta riƙe caji. Na canza batir da yamma, amma ni ba na son miƙa wa mutum waya ban ga batirin ya cika ya sauka a gabana ba. Sai na cire layinta na ba ta, na ce Hajiya a aiko gobe da hantsi. Na saka wayar a aljihu na tafi da ita gida, abin da oganmu ya sha hana mu tun muna yaran shago.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka kawo wuta. Soket ɗin ɗakina a ƙarƙashin taga yake. Na jona wayar, na ɗora ta kan ɗan tebur, na zuge gilashin kamar yatsa huɗu don iska ta ɗan shigo. Ragar sauro a rufe, ƙarfen taga kuma yana nan daram, to me zan ji wa tsoro? Da na tashi da asuba, taga a wangale take har ƙarshe, an tsarga ragar da reza, igiyar caja tana reto ta waje. A ƙasan tagar, ta lungu, na tsinci doguwar sanda, an ɗaure mata ɗan faifan katako a baki an shafe shi da gam ɗin ɓera. Ko sandar bai damu ya tafi da ita ba.

Na biya Hajiya waya sabuwa irin tata, sai da na ranto rabin kuɗin. Ta karɓa ta juya ta, sannan ta ce, "Ɗana, waya kam ka biya. To wa zai tuna min waɗanda suka ci bashina?" Ashe duk lissafin matan da suka ɗauki kaya bashi a cikin wayar yake, wani a rubuce, wani a hirar WhatsApp, kuma ba a taɓa saita mata ajiyar Google Drive ba. Ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Abu ɗaya da ya yi mana rana shi ne layin da na cire, don da ya tafi da shi, da maganar ta kai har banki.

Bayan kwana biyu na kira wani dattijo mai aikin alminiyam a unguwarmu ya canza min raga. Na ce masa daga yau kulle tagar zan dinga yi, ko zafi zai kashe ni. Ya yi dariya, ya ce, "Injiniya, shiga ka kulle ta in gani." Na shiga na tura murfin har sakatar ta yi ƙas. Yana daga waje ya dafa gilashin da tafin hannu biyu, ya ɗan ɗaga sama, ya girgiza, sai ga taga ta zuge kamar ba a taɓa kulle ta ba. Bai tsaya nan ba, ya kawo murfin tsakiya, ya ɗaga, ya jawo ƙasansa, ya cire shi ɗungurungum ya jingine a bango. Ko minti ɗaya bai yi ba, kuma ba guduma ba sukuddireba. Daga ranar na fara kallon taga yadda nake kallon bodin waya, wato kowane yanki sai na san aikinsa.

Ga yadda abin yake. Tagar silaidin murfi biyu ne, kowane da layinsa da yake gudu a kai da 'yan tayoyi a ƙasa. Ɗaya yana layin ciki, ta wajenka, ɗaya yana layin waje. Lokacin da ake haɗa ta, cusa kan murfin ake yi cikin kwarin sama, sannan a sauke shi ya zauna kan layin ƙasa. Ka ga ke nan dole a bar sarari a sama, in ba haka ba ba zai shiga ba. To wannan sararin da ya ba mai haɗawa damar sakawa, shi ne yake ba ɓarawo damar cirewa. Ita kuma sakatar da ake sayar da tagar da ita, wadda ke jikin gefen murfin kake dannawa da yatsa, 'yar ƙugiya ce kawai da sifirin, tana kama wani ɗan ƙarfe a jikin firem. In an ɗaga murfin ko kaɗan, ƙugiyar na iya zamewa. In tayoyin sun cinye murfin ya zauna ƙasa, ƙugiyar ma ba ta kai wa inda za ta kama, kai dai ka ji ƙas ka tafi ka kwanta.

Don haka kafin ka sayi komai, fara da wannan sararin na sama. Buɗe tagarka zuwa tsakiya, riƙe murfin gefe da gefe ka ɗaga. In ka ga ƙasansa ya bar layi har za ka iya jawo shi, to taka ma irin tawa ce. Maganinsa sukuru ne guda biyu ko uku masu faɗin kai. Za ka ɗaura su cikin kwarin sama, daidai saman inda murfin yake tsayawa in an rufe, amma kar ka ɗaure su har ƙarshe. Bar kan sukurun ya leƙo ƙasa yadda murfi zai wuce ƙarƙashinsa da ƙyar ba tare da gogawa ba. In ya goga, ƙara murɗa shi kaɗan, in har yanzu murfin na ɗaguwa, sassauto shi. Ka ƙara ɗaya a saman inda kake tsayar da murfin in kana shan iska. A duk abin da na yi wa tagata wannan ne mafi arha, kuma shi ne na fi yarda da shi. Ranar da za ka cire murfin don wanki ko canjin taya, sai ka murɗa sukurun su shige ciki.

Sai maganar sanda, wadda kusan kowa ya sani. Ka yanko sandar mofa ko fayif ɗin roba daidai tsawon layin da ya rage babu komai, ka kwantar a ciki, murfi ba zai zuge ba. Gaskiya ne tana aiki, amma akwai inda mutane ke ruftawa, ni ma na rufta. Sanda murfin ciki kawai take tarewa. Layin murfin waje, ɓangarensa da ba komai a bayan gilashi yake, ta wajen ɓarawo. In ka sa sanda a can, kyauta ka ba shi. Na yi sati guda ina barci da daɗi da sandata a layi, sai ƙanina ya zagaya ya zuge ɗaya murfin daga waje yana min dariya. Shawarar da dattijon nan ya ba ni ita ce in haƙura da murfin waje gaba ɗaya, ya ɗaure min shi da sukuru daga ciki ya zama kamar bango, muka bar na ciki shi kaɗai yana aiki. Iskar ba ta ragu ba, don tagar silaidin da ma rabi take buɗewa ko ta wane gefe ka zuge.

In ba ka son kashe murfi ɗaya, akwai makullin tsakiya, wanda yake kama da jinjirin wata. Ana ɗaura shi a inda murafen biyu suka haɗu, ka murɗa hannunsa rabin zagaye, bakinsa ya shige cikin ƙugiyar da ke jikin ɗaya murfin ya haɗe su wuri guda. Dabarar a nan ita ce, in taga na rufe, ɗaya murfin ya tokare da firem ta dama, ɗayan ta hagu, to in aka haɗe su babu inda za su motsa. Ya fi 'yar sakatar gefe ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wasu suna zuwa da ɗan maɓalli ko ɗan mukulli da ke hana a murɗa hannun. Sai dai shi sai taga na rufe ruf yake aiki, kuma sai an huda alminiyam. A nan zan ja kunnenka: gilashi yana shiga cikin firem ɗin murfi fiye da yadda ido ke gani. Ka sa diril kusa da bakin gilashi, za ka ji tas, shi ke nan ka sayi sabo. Ni da nake huda abin da bai kai ƙwayar gero ba a bodin waya, wannan aikin mai alminiyam na bar wa. Kuma in gidan haya kake, ka faɗa wa mai gida kafin a huda, kar ranar tashi ta zama ranar rigima.

Amma matsalarmu ta gaskiya a nan ba rufewa ba ce. Wa zai rufe taga ruf a watan Afrilu babu wuta? Abin da muke nema shi ne taga ta buɗu kaɗan ta tsaya a nan, kar na waje ya iya ƙarawa. A nan ne ɗan matsi na layi yake shigowa. Wani ɗan guntun alminiyam ne, bai wuce girman kan caja ba, yana da tsaga a ƙasa da yake hawa kan layin taga, sai noti a gefe da kake murɗawa ya damƙe layin. Duk inda ka ɗaure shi, nan murfi zai zo ya tsaya. Ba huda, ba gam, in za ka tashi daga gida ka kwance abinka ka sa a aljihu, shi ya sa na ce ɗan haya da ɗalibi wannan ne nasu. Iri biyu na gani, mai notin da ake murɗawa da yatsa, da wanda sai da alanki ko ɗan mukullinsa. Na biyun ya fi, don mai murɗin yatsa yaro ma zai kwance shi. In ka sa biyu, ɗaya gaban murfi ɗaya bayansa, to ka kafe shi ke nan, ba ya ƙara buɗewa ba ya rufewa, yaro ba zai datse yatsa ba.

Kafin ka fita nemansa wajen masu kayan alminiyam, ko Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko a shagunan intanet, ɗauki hoton layin tagarka ka auna kaurinsa. Layukan ba iri ɗaya ba ne, na taɓa sayen guda huɗu tsagarsu ta yi wa layina faɗi, suna nan a durowa har yau. Ka duba mai ɗan roba a bakin notin, don wanda ba shi da shi yana cin alminiyam, in ka matse da ƙarfi ma ya lanƙwasa layin taya ta dinga tuntuɓe. Sannan ka sani shi riƙo ne kawai ba huda ba, ƙato in ya samu wuri ya banka da ƙarfi yana iya zamewa. Ni haɗa shi nake da gajeriyar sanda a bayansa. Sanduna biyu gare ni, doguwa ta ranar rufewa, gajeriya ta ranar shan iska.

To nawa za a buɗe? In don yara ne a gidan bene, ma'aunin da ake ba da shawara a Ingila da Amurka shi ne kar ya wuce santimita 10, wato inci 4, yadda yaro ba zai iya fita ba. Ke uwar gida da ke saman bene, ragar sauro ba ta tare yaro, sauro kawai aka yi ta domin shi, yaro na jingina da ita za ta fita da shi. Amma in don ɓarawo ne, santimita 10 ta yi yawa, hannun babba yana shiga har kafaɗa. Ni yatsa uku nake bari.

Kuma bari in faɗa maka gaskiya, don kar ka sayi waɗannan ka ce na yaudare ka. Ko yatsa biyu ka bari, sanda za ta shiga. Abin da ƙaramar kafa take yi shi ne ta hana shi juya sandar yadda ya so, ta hana shi zuro hannu da tocila ya nemi abu a natse. Wanda ya ɗauki wayar Hajiya sai da ya wangale tagar don ya samu kusurwar da zai sauko da sanda kan teburin. Da murfin ya tsaya a inda na bar shi, da wuya ya kai. Amma duk abin da ke saitin kafar kai tsaye, ko yana can ƙarshen ɗaki, doguwar sanda za ta iya kai masa. Wurin da ya fi tsira shi ne jikin bangon da tagar take, can kusurwa, a ƙasa, don sanda ba ta lanƙwasa ta dawo baya. Sayi doguwar wayar soket ka mayar da wurin cajinka can. Ka kifa wayar, ko ka kashe hasken da ke tashi in saƙo ya shigo, don a ɗaki mai duhu wannan hasken shi ne yake cewa ga ni nan. Kar kuma ka ce za ka tura ta ƙarƙashin filo tana caji. Zafi ne babban makashin batir, kumburarrun da nake cirewa kullum sun ishe ni shaida.

Akwai wani ɗan abu da ya fi kusa da sana'ata, wato ƙararrawar taga. Gida biyu ne ƙanana da ake mannawa da gam mai fuska biyu, ɗaya a murfi ɗaya a firem. Ƙaramin maganaɗisu ne kawai a ciki, babban kuma yana da ɗan makunni da ke jin maganaɗisu, da batir da lasifika. Suna kusa shiru, an raba su ya fasa ihu. Kusan irin dabarar nan ce ta kobar waya mai murfi, wadda in ka rufe sikirin ya mutu in ka buɗe ya kawo. In kana kwana da taga a ɗan buɗe, manna su yadda za su yi saiti a wurin shan iskar, ba a wurin rufewa ba. Ba ya hana komai buɗewa, tashin ka kawai zai yi, kuma zafi yana sa gam ɗinsa ya saki, wata rana nawa ya faɗo ƙarfe uku na dare ya tashi gidan gaba ɗaya, har maƙwabci ya fito da taɓarya. Ka dinga gwada shi lokaci lokaci, batirinsa na mutuwa ba sallama.

Ƙura ma tana da nata. Bayan hunturu layin taga cika yake da ƙasa, taya ta dinga hawa kai, murfi ya ƙi kaiwa ƙarshe, sakata ta ƙi kamawa. Daidai yake da ramin caji da ya cika da dattin aljihu, mutum ya zo yana cewa caja ta lalace alhali shara ce. Tsohon buroshin haƙori ya isa. Kar ka zuba giris ko baƙin mai, ƙura suke kamawa su zama taɓo. Akwai kuma 'yan ramuka a firem ɗin ƙasa da ruwan sama ke fita ta nan, ka tabbata ba su toshe ba kafin damina.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi: duk abin da ya hana ɓarawo shiga yana iya hana ka fita. Gidajenmu da yawa kowace taga da ƙarfe, ƙofa ɗaya tak, ga caja da soket a ɗaki, ga wutar da ake kawowa da ƙarfi tsakar dare. In ka sa mai mukulli ko mai alanki, rataye shi a wurin da kowa a ɗakin ya sani, wanda za a lalubo a duhu, amma nesa da kafar taga. In da hali, mai walda ya mayar maka da ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa da kwaɗo ta ciki. Ni ban kai ga yin wannan ba tukunna, mai gidanmu yana ta cewa sai ya duba, amma ina kan bibiya.

Hajiya har yau ni ke mata gyara, abin da ni kaina ya ba ni mamaki. Ranar da ta dawo na zauna na saita mata ajiyar WhatsApp da lambobinta, na sa wa layinta lambar sirri, na kuma saya mata littafi mai bango mai kauri na ce lissafin bashi a nan ma a dinga rubutawa. Ta ce wasu matan sun kawo kuɗinta da kansu da suka ji labari, wasu kuma ko a biki suka haɗu sai su kau da kai. Wayar kwastoma kuwa ba ta ƙara kwana a ɗakina ba, in gwajin batir bai ƙare ba mutum ya haƙura zuwa jibi.

Sandar ɓarawon nan ban yar da ita ba. Katako ne mai kyau, na kankare gam ɗin na sa zarto, doguwar da gajeriyar da ke layin tagata duk daga jikinta na yanko su, har da ragowar da na ba maƙwabcina mai taɓarya.